Injiniyan Layinmu

Ba a jami'a aka ba ni sarautar Injiniya ba. A majalisarmu ta bakin layi aka naɗa ni, bayan sallar isha'i, ranar da na ba da labarin cewa kwamfutar da ke ɗakina ba a haɗe na saye ta ba, ni na harhaɗa abata da hannuna. Malamin makaranta ne ni, tarihi nake koyarwa, kuma abin da na karanta bai haɗa hanya da waya ko sukundireba ba. Amma tun daga daren nan babu mai kiran sunana na yanka. Mai dutsen guga ya kawo, mai rediyo ya kawo, har wata tsohuwa ta aiko jikanta da agogon bango. Nakan karɓi abu in juya shi, in kai hanci in shinshina, in girgiza kai in ce, "Ai IC ce ta ƙone." Ba a taɓa yi mini musu ba, domin duk layin babu wanda ya san inda IC take, har da ni.

Sirrin da ban faɗa wa majalisa ba shi ne, haɗa kwamfuta a wannan zamani ba wani abin a zo a gani ba ne. Tun 1995 da kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX, masu ƙera kaya suka daidaita kansu: ramukan noti na madabod suna faɗawa daidai kan na akwati, kowace waya da irin bakinta, ram yana da tsaga a gindi yadda ba zai shiga a juye ba sai in ka yi masa ƙarfin tuwo. Abin da ake buƙata kuɗi ne da haƙuri da wayar kallon bidiyo. Furosesa Ryzen 5 3600 da madabod da ram guda biyu a Beirut Road na saye su, nan Kano. Katin hoto na hannu ne, daga Computer Village ta Ikeja wani direba ya taho mini da shi a cikin kwalin taliya. Akwatin kuwa mai gefen gilas na zaɓa, da fankoki masu fitilu kala-kala, wanda da uwargida ta gani ta tambaya ko biki za a yi a gidan ba a gaya mata ba.

Shekaru muna zaune lafiya da kwamfutar. Sai wani dare cikin hunturu, ƙarshen zangon karatu, ina shigar da makin ɗalibai ina ɗan taɓa kilishi, kwamfuta ta sandare. Linzami ya ƙi motsi, madannai suka ƙi ji. Na lallaɓa maɓallin riset, wani ɗan mitsitsin abu da aka binne a saman akwatin yadda yatsa ba ya isa gare shi sai da dabara. Allo ya yi baƙi kamar yadda ya saba, ina jiran ta dawo, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Na ce Allah ya kai mu gobe, na tafi na kwanta.

Da safe wuta ta dawo. Na danna maɓalli. Fankoki suka ɗauka, fitilun biki suka kama, ja da kore da shuɗi. Monita ta buɗe ido ta rubuto da Turanci cewa ba ta ga saƙo ba, ta koma barci. Na kashe na kunna. Na zare soket na mayar. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Makin aji huɗu yana ciki, kuma shugaban makaranta ya riga ya ce ranar Litinin yake son komai a teburinsa.

Abu na farko da injiniya na gaske yake yi shi ne ya tambayi kansa abin da ya canza tsakanin jiya da yau. Ni kuwa kwamitin bincike na kafa. Na tara mutanen gida a tsakar gida, na tsaya a gabansu hannu a baya. Uwargida na fara tuhuma, domin takan shiga da tsumma ta goge ƙura.

"Maigida, rabona da taɓa akwatin nan tun ranar da ka ce numfashina ma zai iya ɓata shi."

Na juya kan yara. Babban ya rantse, ƙaramar ta fashe da kuka, ba don ta yi komai ba, don dai ta ga an tsare ta da ido. Da shaida ta ƙi samuwa, sai na ɗora wa masu wuta, waɗanda ba sa nan balle su kare kansu. A ƙasan zuciyata kuma akwai wani zargi da ban furta ba: akwai mutum biyu a majalisa da na lura ba su taɓa kiran Injiniyan nan da zuciya ɗaya ba.

Ya kamata in yi wa mai karatu bayanin abin da ke faruwa a 'yan daƙiƙun da ke tsakanin danna maɓalli da bayyanar hoto, tunda na haddace shi a makon, haddar dole. Kafin kwamfuta ta nemi Windows, akwai wani ƙaramin shiri da ke zaune a jikin madabod, BIOS, wanda yake yin abin da ake kira POST. Kiran suna ne irin wanda nake yi wa 'yan aji da safe: furosesa, kana nan? Ram, kana nan? Katin hoto fa? In kowa ya amsa, sai a fara darasi. In wani bai amsa ba, sai a tsaya. Tun kwamfutar IBM ta 1981 akwai 'yar lasifika da ke faɗin sakamakon: ƙara ɗaya gajeriya, lafiya lau, ƙararraki a jere, akwai wanda bai zo ba, kuma yawansu da tsawonsu ke nuna ko wane ne. Madabod masu tsada na yanzu suna da 'yan fitilu huɗu da ke nuna inda aka tsaya. Tawa ta talaka ce, ba ta da su. 'Yar lasifikar kuwa ta zo a cikin ledar notina ranar da na sayi akwati, wani baƙin abu mai jelar waya ja da baƙa. Na dube ta a lokacin na ce wannan tarkace ne, na ba yara suka yi wasa da ita. Saboda haka ga mara lafiya a gabana, ni da kaina na cire masa harshe.

Na fara da fawa-fak, akwatin da ke karɓar wutar bango ya rarraba ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3. Akwai gwajin da 'yan intanet suke so ƙwarai: ka zare babbar waya mai baki 24, ka lanƙwasa kilif ɗin takarda, ka haɗa koriyar waya da ɗaya daga cikin baƙaƙen. In fankarsa ta juya, ya tashi. Na sa silifas ɗin roba, na karanta abin da ya sawwaƙa, na soka. Fanka ta juya. Na yi murna ƙwarai, sai daga baya na tuna ai tun da safe take juyawa, ba ta taɓa ƙi ba. Gwajin nan abin da yake nunawa kawai shi ne fawa-fak yana kunnuwa, ba ya nuna ko zai iya riƙe wuta in an ɗora masa nauyi. Mai hankali zai ari mita ya auna. Ni na hau adaidaita na tafi kasuwa na sayo sabo fil, wat 650, da kuɗin da aka ware don buhun shinkafa. Na kwance tsohon, na ɗaura sabon, na jera wayoyi, ban manta da mai baki takwas ta furosesa ba. Na danna. Fankoki, fitilun biki, baƙin allo.

Ram na bi. Na zare su, na goge haƙoransu na ruwan zinari da kilinar 'yata, duka 288 na kowanne, na hure ramukan, na gwada wannan shi kaɗai, na gwada wancan, na canza musu wuri. Abin da na samu shi ne yanka a babban yatsa. Na koma kan batirin madabod, ɗan faifan nan CR2032 mai bolt 3 da ke riƙe agogo da saitin BIOS in an kashe wuta. Dare ya yi, shaguna sun rufe, sai na tuna irinsa ne a makullin motar maƙwabcina. Na buga masa ƙofa, na yi masa bayani da manyan kalmomi, ya ba ni yana cewa, "Injiniya, ai kai ba a hana ka." Na sa nasa a tawa, na sa nawa a nasa. Motarsa ta ci gaba da buɗewa lafiya lau da batirin da na ce ya mutu.

Da na zargi katin hoto, na cire shi na soka wayar monita a jikin madabod, na zauna ina jiran hoto. Na daɗe a zaune kafin in tuna furosesar tawa ba ta da sashen hoto a cikinta, a wannan zuri'ar sai masu harafin G a ƙarshen suna. Ko lafiyarta ƙalau ba abin da zai fito ta wannan ƙofa. Da na zargi monita, na ciccibo talabijin ɗin falo ana tsakiyar kallon Daɗin Kowa. Abin da aka faɗa mini a daren ba na bugawa a mujalla ba ne.

Saura furosesa, kuma nan ne labarin ya daina ba ni dariya a lokacin. Tsakanin furosesa da fankar da ke sanyaya ta akwai wani toka-tokan mai da ake shafawa don zafi ya wuce. In ya shekara ya bushe, ga sanyin hunturu, sai ya zama gam. Ƙa'ida ita ce ka bar kwamfuta ta yi aiki ta ɗau ɗumi, sannan ka kwance notin, ka murɗa fankar hagu da dama a hankali har ta saki. Ni na kwance noti na ja sama. Ta ƙi. Na ce bismillah na ƙara ƙarfi. Sai ji na yi ɓas, fanka ta taho hannuna, na leƙa mazaunin furosesa na ga wayam, ga ɗan ƙarfen da ke kulle ta yana nan a kulle. Na juya fankar, sai ga baiwar Allah manne a gindinta, ƙafafunta a sama.

Irin wannan furosesa ta mazaunin AM4 ƙafafu 1331 gare ta, sirara, na ruwan zinari, kuma ba a son ko ɗaya ta karkace. Na haska da fitilar waya na ga wasu a gefe guda sun yi ruku'u. Garin gyaran gira an taɓa ido. Na ɓamɓare ta daga jikin fankar da zaren ɗinki, na shimfiɗa farin ƙyalle, na ɗauko sabuwar reza da gilashin karatun surukata da ta manta a gidan. Dabarar ita ce ka zura reza tsakanin layukan, ka tallabi ƙafar da ta kwanta ka ɗaga ta kaɗan-kaɗan, domin in ka lanƙwasa ta gaba ka dawo da ita baya, karyewa za ta yi, in ta karye kuwa sai dai ta'aziyya. Ban taɓa sanin hannuna yana rawa ba sai daren nan. Ina riƙe numfashi ina lissafin albashin wata nawa ke kan bakin rezar. Uwargida ta leƙo, ta gan ni durƙushe da gilashin mahaifiyarta a hanci, ta saki labule ba ta ce uffan ba. Wajen kiran assalatu furosesa ta koma mazauninta da kanta, ba tare da dannawa ba, alamar ƙafafun sun miƙe. Wani a intanet ya ce man goge baki zai iya maye gurbin man da na goge. Wannan kaɗai ce shawarar da na ƙi bi a makon, kuma ina so a rubuta mini ladanta. Na sayo na gaske, na shafa, na ɗaure, na danna. Fankoki suka juya.

Zuwa lokacin labari ya kai majalisa, ta bakin mai makullin mota. Shawarwari suka yi ta zuwa. Wani ya ce in shanya ta a rana, sanyi ne ya kama ta. Wani ya ce in binne ta a shinkafa kamar yadda ake yi wa wayar da ta faɗa ruwa, ban gaya masa shinkafar ce ta zama fawa-fak ba. Wani dattijo ya ce baki ne, a yi mata tofi. Sai ɗaya daga cikin mutum biyun nan da nake zargi ya gyara zama, ya sassauta murya kamar mai jaje, ya ce, "Injiniya, ko dai IC ce ta ƙone?"

Daren na yi abin da ya kamata a ce da shi na fara tun kafin in kashe ko kwabo. Na kwashe komai daga akwati, na ɗora madabod a kan kwalinta, da furosesa da ram ɗaya da katin hoto da fawa-fak, ba ƙari. Tunda babu maɓalli, na taɓa 'yan ƙusoshi biyu na kunnawa da bakin sukundireba. Fanka ta juya, sai monita ta yi ƙyaf, ga tambarin madabod, ga rubutu. Na yi kabbara har ƙaramar ta farka. Na mayar da komai cikin akwati a tsanake, na soka wayoyin gaba ɗaya bayan ɗaya ina duba littafi, na rufe gilas, na goge shi da hannun riga, na danna. Baƙin allo. Na sake fito da ita kan kwali, ta tashi. Na mayar, ta mutu. Na duba ƙafafun tagulla da madabod ke zama a kai ko akwai wanda ya yi yawa yana taɓa bayanta, babu. Na bi duk inda ƙarfe zai iya haɗuwa da ƙarfe na manna salatif. Haka dai. Ni da nake koya wa yara cewa kowane abu da sanadinsa, sai ga ni tsakar dare ina kallon akwatin ƙarfe ina tunanin maganar dattijon nan mai tofi.

Ranar Asabar na naɗe ta da tsohon zani, na jira layin ya yi tsit, na tari adaidaita, na ce a kai ni wani shagon gyara can wata unguwa inda ba a san ni da sarauta ba. Mai shagon ba ya nan, sai yaronsa, wanda gemu bai ma fara fito masa ba, yana cin gurasa.

"Alhaji, me ya same ta?"

"Ta wani abokina ce. Ya ce haka kawai ta daina tashi."

Ya buɗe gefe, ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Ya ga salatif, ya ga man furosesa da ya malalo ta gefe, ya ga ɗigon jini a kusa da ram, ya ga sabon fawa-fak da ko ledar jikinsa ba a gama ɓarewa ba.

"Alhaji, abokin nan naka, don Allah a ɓoye masa sukundireba."

Na ce ai na sha gaya masa, ba ya ji. Na ƙara da cewa wai ya ce a kan kwali tana tashi, a cikin akwati ne take ƙi. Yaron ya ajiye gurasa. Ya ce to ai abokin ya riga ya gama aikin bai sani ba: me ke cikin akwati wanda babu shi a kan kwali? Wayoyin gaba. Ya sa yatsu biyu ya zare wata 'yar siririyar waya mai baki biyu daga gindin madabod, ya danna maɓalli. Tambari ya fito, Windows ta biyo baya, ga fayil ɗin makin ɗalibaina yana kallona. Gurasarsa ko sanyi ba ta yi ba.

Wayar maɓallin riset ce. Aikin maɓallin nan shi ne ya haɗa waya biyu na ɗan lokaci, muddin suna haɗe furosesa tana tsaye cak a bakin farawa, sai an saki take ɗaukar umarnin farko. In ya maƙale a danne, wuta za ta shiga, fanka za ta juya, fitilu za su yi ta rawa, amma ba za a taɓa fara kiran sunan ba. Kwamfutar IBM ta farko ma ba ta da wannan maɓalli sam, injiniyansu David Bradley ya tanadi Ctrl da Alt da Del ne don sake tayar da ita. Mutanen nan sun hango irina tun daga nesa.

Yaron ya karkato saman akwatin wajen haske, ya ɗauko ɗan hantsaki, ya zura a gefen maɓallin, ya jawo wani abu. Maɓalli ya yi ƙyas ya dawo sama. Ya ɗaga abin muka duba tare: kan tsinken sakace ne, karyayye, da jan yaji a jikinsa.

"Abokin naka yana son kilishi, Alhaji."

Na ce gaskiya yana so. Ya naɗe tsinken a 'yar takarda ya ce in kai masa tsaraba. Na tambayi kuɗin aiki, ya ce in ba shi na ruwa kawai, ya kuma jawo aljihun tebur ya ɗauko 'yar lasifika irin wadda na ba yara, ya soka mini kyauta, ya ce ko abokin zai sake yin wani abu, aƙalla ta samu bakin kai ƙara.

A gida na sanar da cewa matsala ce ta fasaha mai zurfi, bayaninta zai ɗau lokaci. An karɓa, ko an yi kamar an karɓa, har ranar wanki, lokacin da 'yar takardar ta fito daga aljihun rigata. Uwargida ta kwance ta a gaban yara, ta tambaya cikin ladabi ko kwamitin binciken nan an rushe shi ne ko yana nan, domin akwai sabuwar shaida. Babban ya ce shi a sake zama yake so. Ƙaramar ta ce a biya ta kukanta. Hukuncin da aka yanke kilishi ne na gida gaba ɗaya, daga aljihun shugaban kwamiti, kuma ba a ci a ɗakin kwamfuta.

Sabon fawa-fak ɗin na mayar kasuwa, mai shagon ya ce kayan wuta in an buɗe an ɗaura ba a karɓa, kuma ba zan ce bai yi gaskiya ba. Tsohon na mayar cikin kwamfutar tunda lafiyarsa ƙalau. Sabon yana nan a kwalinsa a saman kwaba, wat 650, ko mako bai yi yana aiki ba. Duk mai so ya yi magana, ana iya musaya da shinkafa.